Motar da Wuta Take Buɗe wa Hanya

Ba ni da abin faɗa game da ranar da na bar gida. Inna ta riƙe hannuna, ta sake, mota ta tashi. Abin da ya zauna a kaina daga Yamai ya fara, a ɗakin girkin wani gida na dangin Tanti Fanna, inda aka shimfiɗa mini tabarma ina jiran a gama mini takardu.

Shekarar da gero ya tsaya iya gwiwa ya ƙone ce. Mu asalinmu mutanen Durum ne. Farin farko ne ya koro mu Damagaram ina ƙarama, muka zauna a Kara-Kara. A can Baba ya rasu, a can na yi lakwal, wato firamare, har na gama kwalej. Gidan ya rage ni da Inna, da ƙanwata Cima, da Kaka, uwar Baba, wadda ta daina fita ko ƙofar gida. Sai fari ya komo. Muka koma jiƙa anza, ƴaƴan wata bishiyar daji, a zubar da ruwan ɗaci, a sake jiƙawa, a sake zubarwa, kafin ta ciwu.

Tanti Fanna ƴar birni ce. Inna ta daɗe tana yi wa gidansu surfe da wanki. Mijinta ma'aikacin gwamnati ne, an tura shi ƙaro ilimi Faransa, kowa Mushe yake ce masa, wato maigida da Faransanci. Ta zo hutun bakans da jaririya a hannu, ta ce tana neman yarinya mai jin Faransanci: da safe reno, da yamma makarantar ungozoma. Kuma muddin ina can, yayanta mai rumfar hatsi a kasuwa zai riƙa auna wa Inna gero kowace Juma'a. Inna tana jin an ce gero ba ta ƙara tambayar komai ba. Ni ma ban tambaya ba.

A Yamai na fara ganin wutar hanya da idona, ja da kore, wadda na sani a littafin lakwal. Wata rana ina tsaye ina kallonta sai ga babura da jiniya, bayansu wata baƙar mota. Wutar tana ja, amma ɗan sanda ya tsayar da kowa, ya ƙame, motar ta wuce. Ban yi mamaki ba. A gida ma haka ne. In motar perfe, shugaban yanki, ta taho, ko kamiyon soja mai ɗauke da hatsin taimako, mai jaki ya ja jakinsa, mai tulu ta raɓe jikin bango, sai sun wuce. Iyakar abin da na sani game da hanya ke nan: wanda aka buɗe wa, hukuma ne. Na faɗi wannan tun yanzu don a gane abin da ya same ni daga baya.

Jirgin sama ban riƙe komai nasa ba. A filin jirgin can, muna fita daga wurin masu duba takardu, Tanti ta miƙo hannu.

"Kawo fasfo in ajiye miki, kada ki yar."

Na ba ta.

"Kuma nan ba Damagaram ba ce. Tanti ta ƙare a Yamai. Madam za ki riƙa cewa."

"To, Tanti."

"Me na ce?"

"To, Madam."

Muka shiga jirgin ƙasa zuwa garin da suke zaune. Ba zan faɗi sunan garin ba. Tun daga tasha har gida ruwa ake yi. Na manna goshi a gilashi ina kallon ruwa yana zuba kan kwalta, kan rufin motoci, yana bin lambatu yana tafiyarsa, ba gona ko ɗaya da zai shiga. Na ɗauka zan yi kuka. Ban yi ba. Tun ranar wani abu ya kwanta mini a ƙirji kamar dutsen niƙa. Ba ya zafi, nauyi kawai.

Gidan a can saman bene yake, tagar ɗakin jaririya tana kallon wata babbar mararraba. A ɗakin nake kwana, kan katifa a ƙasa. Reno, wanki, goge-goge, girki, guga. Ba a jin kiran salla, rana kuma ba ta fitowa balle a gane lokaci, sai in yi sallata in na samu jaririya ta yi barci. Juma'a kaɗai nake ganewa, saboda ranar Mushe yakan sa hula. In na ga hular sai in ce yau Inna za ta ɗauki ƙwarya ta tafi kasuwa. Da wannan nake goge ƙasa.

Na tambayi maganar makaranta, Madam ta ce ba a fara ɗaukar ɗalibai ba tukuna. Na sake tambaya, ta ce sai sanyi ya wuce. Daga baya ita ce ta faɗa da kanta, tana shafa mai a hannu: takardar zamana ta ƙare, yanzu ni ba kowa ba ce a ƙasar, in ina da hankali in yi shiru in ci abinci. Abinci kuwa akwai. Burodin jiya ba a ci, shara ake zubawa. Nakan ɗebe in ɓoye ƙarƙashin katifa, ban san don wa ba, har ya yi fumfuna, Madam ta gano da wari.

Da sanyi ya ɗan sassauta aka fara aikena waje. Mushe ya ba ni tsohuwar rigar sanyinsa, manto, hannunta ya wuce yatsuna. Ranar farko da na fita ni kaɗai, Madam ta ce in tura jaririya a kekenta zuwa wani ɗan lambu da ke ƙetaren mararraba ta sha iska. Na tsaya bakin hanya na yi yadda na koya: na jira wutar motoci ta yi ja, na ga sun tsaya layi-layi, na tura keken. Ban san masu ƙafa suna da tasu wutar ba. Ban san layin da ke jikin bakin hanya ba na kowa ba ne. Sai na ji ƙara daga hagu. Doguwar motar hayar nan ta cikin gari, wadda suke kira bis, ta taho a layinta ita kaɗai, sauran motoci duk suna tsaye. Ta ci burki har mutanen ciki suka faɗa kan juna. Da ta tsaya, tsakanin goshinta da keken bai fi tafin hannu ba. Shofer ya ɗaga hannuwa biyu yana magana, ban gane ko kalma ɗaya ba, ni da na ci Faransanci a kwalej. Jaririya ba ta ma farka ba.

Madam ta gani ta taga. Ban gama shigo da keken ba ta mare ni, ta ɗauki ƴarta ta duba, ta ajiye, ta sake marina. Daga nan ta ja ni bakin taga.

"Zo ki gani, ƴar ƙauye. Kin ga ƙaramar wutar can, ƙarƙashin babbar? Ta wa ce?"

"Ban sani ba, Madam."

"Tata ce. Kowa ya tsaya, ita ta wuce. A garinku wa ake tsayar da mutane ya wuce?"

"Hukuma."

"To, ashe kina da kai. Motar hukuma ce, a haɗe take da ƴan sanda. Duk wanda ya shiga ba takarda, kafin ya sauka sun sani. Yau shofer ya ga fuskarki. Ki sake tsayawa gabansa, ni ba ruwana."

Na yi ta kallo ta tagar nan kamar mai shirin jarrabawa. Abin da ta nuna mini yana nan. Ƙaramar wuta ce, ba ja ba kore, wani farin zane ne kawai a kwance. In bis ta doso, tun tana nesa, sai zanen ya miƙe tsaye, ƙananan motoci su ci gaba da jira, ita ta wuce ko gudu ba ta rage ba. Kamar akwai wanda yake zaune wani wuri yana hango ta yana buɗe mata. Wata rana kuma na ga wasu maza masu hula iri ɗaya sun sauko da wani baƙin mutum daga ciki, suna rubutu, shi yana zazzage aljihunsa yana nuna musu babu. Wannan ya gama mini komai.

Kada wani ya ce ai na yi lakwal. Na yi. Ina karanta abin da aka rubuta a goshin motar, lamba ce da sunan unguwa. Ina ganin mata da kwanduna suna shiga. Sai in ce su suna da takarda. Wadda fasfonta yake cikin jakar wata, aka mare ta, aka nuna mata wuta, abin da aka ce mata shi take gani. Duk inda aka aike ni da ƙafa nake zuwa. In na ji ƙarar bis a bayana sai in juya fuska ga bango, kamar ina karanta abin da aka liƙa a jikinsa.

A kantin wani Balarabe na gamu da Iya Barira, inda ake samun busasshiyar kuɓewa da barkono. Madam tana can ciki tana zaɓen nama, ni ina riƙe da keken jaririya. Wata mata mai jiki, da manto na maza a kan atamfa, ta tsaya ta ƙare mini kallo.

"Ke ɗiyar nan, wannan ɗaurin kallabi na Damagaram ne, ko idona ne ya tsufa?"

Rabona da jin Hausa a bakin da ba na mutanen gidanmu ba tun Yamai.

"Na Damagaram ne, Iya."

"Wace unguwa?"

"Kara-Kara."

"Kai! Har ƴan Kara-Kara sun iso nan? To Faransa ta lalace." Ta yi dariyarta ita kaɗai. "Ni Barira, ta Zermu. Mun riga ku zuwa, kamar kullum. Wa ya kawo ki?"

Na nuna Madam da ido. Ta kalle ta, ta dawo ta kalli hannuwana da suka tsattsage, ta kalli takalmin roba da safa a ƙafata.

"Suna ba ki abinci?"

"Suna ba ni, Iya."

"Ban ce ki yabe su ba, tambaya na yi." Ta rage murya. "Saurara. Bis ɗin da ke tsayawa a babbar mararrabar can, ki shiga, kada ki sauka sai shofer ya kashe mota. Dogayen gidajen da za ki gani a gabanki, ki ce matar Illa. Ko karen wurin ya san ni. Maigidana zai je gida ƙarshen wata, shanun ubansa sun ƙare, za shi ya ga abin da ya rage. In kina da saƙon baki, ya kai."

"Iya, bis ɗin ai..."

Ban ƙarasa ba Madam ta iso. Iya Barira ta gaishe ta har da rusunawa, Madam ta amsa ta hanci. A hanya ta ce irin matan leburori ne, bakinsu ba ya rufuwa, kada ta sake ganina da su.

Saƙo kuwa ba ni da shi a lokacin. Me zan ce wa Inna? Ana auna mata gero.

Sai ranar da wata ƙawar Madam ta zo daga wani gari, ita ma matar ma'aikaci. Ina zuba musu shayi suna hira a kaina kamar ba na wurin. Ƙawar tana kukan ba ta da mai taya ta aiki, ƴan aikin Turawa ba sa taɓuwa.

Madam ta ce, "Ai na gama miki wannan. Yarinyar nan tana da ƙanwa. Ba ta yi nisa a lakwal ba, za ta fi daɗin riƙo, ba ruwanta da tambayar makaranta. Mushe zai je gida farkon wata, ya taho miki da ita."

"Uwar za ta yarda?"

"An ce za a ƙara mata awo. A bana wa zai ƙi?"

Na gama zuba shayin, ko ɗigo bai zuba a ƙasa ba. Na koma ɗakin girki na sake wanke abin da na riga na wanke.

Cima tana da fuka. Ko a gida, in sanyi ya shigo, a zaune take kwana, ina dafe mata baya, ƙirjinta yana kuka kamar tsohon ƙyaure. Faransancinta bai wuce gaisuwa ba. Ko bakin kasuwa aka aike ta sai ta riƙe gefen zanena mu je tare. Na kwatanta ta a wani gida a wani gari, kan katifa a ƙasa, ba mai dafe mata baya. Na kwatanta ta a bakin mararraba da keken jariri.

Wasiƙa ba ta da amfani. Ta hannun Mushe take fita, a can kuma yayan Madam ne yake karɓa ya karanta wa Inna abin da ya ga dama. Sai dai baki. Bakin kuma yana ƙarshen hanyar bis, wurin da ban sani ba, ban san nisansa ba. Kuma na san ranar da Inna ta ce ba ta ba da Cima, ranar za a ɗaure mata bakin buhu. Na ajiye wannan gefe ɗaya, na ajiye wancan ɗaya gefen, na yi ta kallonsu kwana da kwanaki. Ban ji komai ba. Ƙarshen wata yana ta matsowa.

Ba zan ce na yanke shawara ba. Wata safiya Madam ta ba ni kuɗin burodi, na sauka, na ga ƙafata ta wuce kantin burodi ta tsaya inda mutane suke jiran bis, dab da mararraba, ƙarƙashin tagarmu. Abin da na gaya wa kaina shi ne, in sun kama ni gida za su mayar da ni, in faɗa wa Inna da bakina. In kurkuku ne, to kurkuku. Haka na tsaya, kamar mai kai kanta, hannuwana a cikin manto.

Bis ta iso. Ina ɗaga ƙafa na ji an kira sunana daga sama.

"Zuwaira! Zuwaira! Ke!"

Ban ɗaga kai ba. Na miƙa wa shofer kuɗin burodi, ya ba ni tike da canji, ko fuskata bai kalla ba. Wata tsohuwar Baturiya ta ga ina tsaye da tike a hannu, ta karɓa, ta zura shi cikin wani ɗan akwatin ƙarfe, ya yi ƙas, ta mayar mini tana murmushi. Na ce a raina, shi ke nan, wannan ne yake gaya musu. Na gode mata. Na samu wuri jikin taga na zauna.

Lokacin fitar Mushe wurin karatu ne. Motarsa tana ƙasan gidan, Madam ta riga ta yi masa ihu. Mutane ba su gama shiga ba sai ga shi ya fito, ya kutsa, ya tsaya a layin da ke gefenmu, daidai tagata. Wuta tana ja ga kowa. Ya sauke gilashi, ya ɗaga kai. Bai yi ihu ba, Mushe ba ya ihu. Da yatsa ya nuna mini ƙasa: sauko. Na kalle shi. Ya ja burkin hannu, ya buɗe ƙofa, ya sa ƙafa ɗaya kan kwalta.

Ƙofar bis ta rufe. Ta gilashin gaba na hango ƙaramar wutar. Farin zanen yana kwance. Sai ya miƙe.

Muka tashi, mu kaɗai. Na juya na ga Mushe da ƙafa ɗaya a waje, babbar wuta tana ja a kansa, ya mayar da ƙafar ya rufe ƙofa. Ya biyo mu. Kafin mararraba ta gaba na hango motarsa ta matso, tana sauya layi, har na ga hannunsa yana dukan sitiyari. Zanen ya sake miƙewa tun ba mu ƙarasa ba, muka wuce, aka riƙe su. Layinmu fayau, nasu a cushe, kowace mota mutum ɗaya a ciki yana kallon gaba. Ko da muka tsaya ɗaukar mutane bai iso ba. Daga baya na daina gane tasa a cikin sauran.

Ban ji daɗi ba. A wurina, an raba ni da mai kamu ɗaya ne don a miƙa ni ga wani. Na zauna ina jira. Ina kallon mutanen ciki: Larabawa da kayan aiki suna gyangyaɗi, wata mata tana saƙa, ƴan mata da littattafai, wani yana cin burodi cikin takarda. Duk tsayawar da aka yi, in ƙofa ta buɗe, sai in sunkuyar da kai in jira hannu a kafaɗata. A shiga, a fita, a rufe. Gari ya ƙare, muka shiga unguwar masana'antu da dogayen gidaje masu kama ɗaya. Mutane suka yi ta raguwa har ya rage ni kaɗai. Shofer ya kashe mota.

Ya taso yana miƙa, mutum ne mai furfura a gashin baki. Ya ce, "Ƙarshen hanya ke nan, madmazel."

Na ce, "Ina suke?"

"Su wa?"

"Ƴan sanda."

Ya waiwaya bayansa, ya dawo ya kalle ni. "An yi miki wani abu ne? Kina so in kira su?"

"A'a! A'a."

"Kina da tike?" Na nuna masa. "To tsakanina da ke ya ƙare."

Sauka ya kamata in yi. Amma bakina ya riga ya buɗe. Na ce, "Ƙaramar wutar nan, wa yake buɗe muku ita?"

"Ba kowa. Akwai wani abu a jikin motar, shi yake sanar da wutar mun taho."

"Don wa?"

"Kamar yaya don wa?"

"Wane babba ne a ciki?"

Ya yi dariya har ya dafa kujera. Da ya ga ban yi ba sai ya daina. Ya ce, "Ba wani babba. Ku ne. Su can kowace mota mutum ɗaya, nan kuwa ga ku cike har ƙofa. Kun fi su yawa, sai ku fara wucewa. Shi ke nan fa."

Na sauka. Na zauna bakin hanya kan jiƙaƙƙen siminti, na daɗe. Watanni ina juya fuska ga bango.

Gaskiyar Iya Barira, matar farko da na tambaya ta nuna mini benen. Iya ta buɗe ƙofa da muciya a hannu.

"Ƴar Kara-Kara! Da me kika zo?"

"Da bis, Iya."

"To da raƙumi za ki zo?" Sai ta ga fuskata, ta ajiye muciyar. "Malam! Fito, ga saƙo."

Malam Illa siriri ne, marar yawan magana, akwatinsa yana tsakar ɗaki a ɗaure da igiya, washegari zai tashi. Ya zauna ya ce, "Faɗa, ɗiyata, ina ji." Na kwatanta masa gidan: bayan famfo, ƙofar langa-langa, a tambayi Habsu mai surfe. Sai na ba shi saƙon.

"Ka ce mata ba makaranta."

"Ba makaranta. Sai me?"

"Ka ce kada ta ba da Cima. Ko an ƙara awo, ko an hana."

"Ko an ƙara, ko an hana." Ya dube ni. "Kin san yadda gida yake a bana kuwa?"

"Na sani, Baba."

"To. Yadda kika faɗa haka zan faɗa, ba zan gyara ba."

Ya maimaita mini daga farko, na ce haka ne. Iya ta zubo tuwo da miyar kuɓewa, na ɗebi loma ɗaya na ajiye. Ta ce in bar shi, ba gudu zai yi ba. Ta ce gidan can kuma na gama komawa.

Sauran ba shi da tsawo. Mazan gidajen nan, ƴan Zermu da ƴan Mirya da wasu ƴan Mali, suka sa manyan riguna ranar Lahadi suka je wurin Mushe a ayari. Ban san abin da suka ce masa ba. Iya ta ce tsoron kada magana ta kai wurin karatunsa ne ya sa ya miƙo fasfo ba gardama. Na zauna wurinta har suka yi karo-karo suka sa ni a jirgi. A tsakanin nan na sha shiga bis tare da ita. Kowace mararraba sai in sunkuyar da kai, ko da yake na sani.

Malam Illa ya riga Mushe isa Kara-Kara. Inna ta ce ba ta ba da Cima. Juma'ar da ta biyo ta je rumfar hatsi da ƙwarya, aka ce mata gero ya ƙare, tana kallon buhuna.

Na tarar da Cima a tsakar gida tana sauya wa anza ruwa, wuyanta ya ƙara tsawo, amma tana numfashi. Ɗakin Kaka a rufe. Ta rasu kafin damina. Inna ta ce tsufa ne. Na ce, "Inna, da geron..." Ta ce, "Tsufa ne na ce." Ba mu sake maganar ba. Ba ta taɓa ce mini na kyauta ba, ba ta taɓa cewa ban kyauta ba. Da ta ga ina zabura in mota ta yi ƙara, sai ta sa aka yi mini rubutu na sha.

Kwanan baya muka je layin rabon hatsi, ni da Cima. Tun da sassafe mata suka cika hanya da ƙorai da tsofaffin buhuna, layi ya fita daga fili ya bi titi ya karya kwana, ba a ganin ƙarshensa. Rana ta ɗaga sai muka ji odar mota. Wata farar mota ce, mutum ɗaya a baya yana karanta takarda. Layin ya tsage, kowace ta kwashi ƙwaryarta ta raɓe jikin bango. Ni ban motsa ba. Ba taurin kai ba ne, mantawa na yi.

Cima ta ja zanena. "Yaya, matsa! Mota!"

Na ce, "Mun fi su yawa."

Ta kalle ni irin kallon da ake yi wa wanda ya dawo daga tafiya da taɓin kai. "Eh, mun fi su yawa, sai aka yi yaya? Matsa, kada a ce mu koma ƙarshen layi."

Na matsa. Motar ta wuce. Muka koma, kowace tana neman wadda take gabanta.